Awon Sinadaran Haihuwa a Cikin Jini

A Janbako, kamar a sauran garuruwan ƙasar Maradun, Bakura da Talata Mafara, idan aure ya shekara biyu babu goyo, sai a fara tsegumi. Galibi kan mace ake ɗora laifin, a kira ta juya, wani lokaci har abin ya kai ga saki. Alhali kuwa a shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manyan duniya, maza da mata, kan fuskanci matsalar rashin haihuwa. Ɗaya daga cikin hanyoyin gano musabbabinta shi ne awon jini.

Haihuwa tana tafiya ne bisa umarnin wasu sinadarai da ake kira homon, waɗanda jini ke ɗauka daga wani sashe na jiki zuwa wani, tamkar 'yan aike. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake, mai suna fituwitari. Ita ke sakin FSH, wanda ke sa ƙwan mace ya nuna, da LH, wanda ke sa a saki ƙwan. Bayan sakinsa sai sinadarin furojestaron ya ƙaru, domin ya shirya mahaifa ta karɓi ciki. Adadin waɗannan sinadarai a jini ƙanƙane ne ƙwarai. Aikin Rosalyn Yalow da Solomon Berson na Amurka ne ya buɗe hanyar auna su, har Yalow ta sami lambar Nobel a 1977.

Muhimmin abin lura shi ne, sinadaran suna hawa da sauka cikin wata, saboda haka kowane awo da ranarsa. Ana fara lissafi daga ranar da haila ta zo. FSH da LH ana auna su tsakanin rana ta 2 da ta 5. Furojestaron kuwa sai saura kwana 7 haila ta gaba ta zo, wato rana ta 21 ga mai zagayen kwana 28. Yawansa a ranar shaida ce cewa an saki ƙwai. Don haka macen da za ta taso daga Janbako zuwa Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ya kamata ta riƙe lissafin kwanakinta, don kada kuɗin mota da na awo su tafi a banza.

Akwai kuma furolaktin, mai kawo ruwan nono. Shi ya sa haila kan jinkirta wa mai shayarwa. Idan ya yi yawa a jikin wadda ba ta shayarwa, yakan hana sakin ƙwai, kuma sau da yawa magani yana gyara wannan.

Sai dai awon jini yana da iyaka. Ba ya nuna toshewar bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Wannan sai da hoto. Haka nan ba ya wanke miji. Namiji ana fara awon maniyyinsa ne, idan an ga rauni sai a auna testostaron ɗinsa da safe, lokacin da ya fi yawa a jini. Shawarar likitoci ita ce ma'aurata su je tare bayan shekara ɗaya babu ciki, ko bayan wata 6 idan matar ta haura shekara 35.