Idan Hanta Ta Gaza, Ƙoda Ke Ɗaukar Kaya

A darasin Bayoloji mun saba karanta hanta a babi ɗaya, ƙoda a wani babin, kamar ba ruwan wannan da waccan. A cikin jiki kuwa jini ɗaya ke ratsa su, kuma ciwon ɗaya na iya taɓa ɗayar.

Abin yana farawa ne daga hanji. Jikinmu na ƙera wani sinadarin garkuwa mai suna IgA, wanda ke gadin hanji, maƙogwaro da hanci. Aikinsa ya kama ƙwayoyin cuta ya manne musu. Duk ƙullutun da ya tsallaka cikin jini, hanta na taimakawa wajen kawar da shi.

To, idan hanta ta daɗe tana ciwo, tabo kan maye gurbin namanta har ta ƙandare. Likitoci na kiran wannan sirosis. Jinin da ya baro hanji sai ya riƙa kewaye ta ta wasu jijiyoyi ba tare da an tace shi ba. IgA ya taru a jini, ya isa ƙoda, inda kowace ke da ƙananan matatai kusan miliyan 1. Nan yake maƙalewa, kamar tsaki a rariya. Wani likita Bafaranshe, Jean Berger, shi ya bayyana ciwon ƙoda mai nasaba da taruwar IgA a 1968.

Abin damuwa shi ne sau da yawa ba ya nuna alama. Wani lokaci fitsari kan yi launin ruwan shayi, ko ya riƙa kumfa, ko ƙafafu su kumbura. A garuruwanmu da an ga jini a fitsari sai a ce tsargiya ce. Tana iya zama ita, amma awon fitsari da na jini a asibiti ne za su raba gardama, ba hasashen abokai ba.

Me ke ƙandarar da hanta? Manyan dalilai su ne giya da ciwon hanta nau'in B da C. Nau'in B ya yaɗu sosai a Najeriya. Ana ɗaukarsa daga uwa lokacin haihuwa, ta saduwa, ko ta reza, aska da allurar da wani ya yi amfani da su. Mu da ke kwana a hostel mun san yadda reza ɗaya ke zagaya ɗaki.

Nau'in B na da rigakafi, nau'in C kuma ana warkar da shi da magani. Mu tambayi iyayenmu ko an yi mana allurar. Wanda ba a yi wa ba, sai ya je asibiti a gwada shi, a yi masa.