Darasin da na koya a bakin rijiyar maƙwabcinmu

A hutun da ya wuce, maƙwabcinmu a Unguwa Uku ya ɗauko masu haƙar rijiya. Yaran layinmu suka taru suna kallon yadda ake jawo guga cike da ƙasa. Ni kuwa abin da ya ɗauke mini hankali shi ne yadda launin ƙasar ke sauyawa: da farko baƙa-baƙa mai haɗe da tsofaffin ledoji, sai jar ƙasa, sai marmara mai tauri da ta wahalar da diga, can ƙasa kuma sai wata fara-fara mai ƙyalƙyali wadda ke marmashewa a hannu.

Na ce wa babbansu, "Baba, don Allah duk inda launi ya sauya, a ɗaura mini ƙulli a igiya." Ya yi dariya ya ce, "Ɗan boko ke nan! Mu da hannu muke gane ta." Amma ya ɗaura. Da yamma na ari tef ɗin ɗinkin mahaifiyata na auna tsakanin ƙulli da ƙulli, na zana dogon akwati a takarda, na raba shi hawa-hawa, kowane hawa da kaurinsa da launinsa. Irin wannan zane ne aka fara koya mana a darasin ilimin duwatsu a jami'a, ga shi na yi shi a ƙofar gida.

Me ke ƙarƙashin Kano?

Wannan ƙasa fara-fara ba kawo ta aka yi ba. Dutse ne ya ruɓe a inda yake. Birnin Kano na zaune ne a kan tsofaffin duwatsu masu shekaru sama da miliyan 500, waɗanda damina da rani suka yi ta ci har samansu ya zama ƙasa. Marmara ma daga nan ta samu, kuma ƙarfen da ke cikinta ne ya sa ta ja. Ita ce ta rufe saman Dala da Goron Dutse, kuma a da can, tun wajen ƙarni na 7, an riƙa narkar da tama a Dala.

Shi dutsen asali ba ya riƙe ruwa sai a inda ya ruɓe ko ya tsage. Shi ya sa wani zai haƙa burtsatse ya samu ruwa, maƙwabcinsa ya kashe kuɗi ya tashi a tutar babu. A wajen Haɗeja da Gumel kuwa, inda rairayi mai kauri ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa, samun ruwa ya fi sauƙi.

Taswirar tudu da kwari

Kafin mai nazarin duwatsu ya fita daji, sai ya riƙi taswirar tudu da kwari, irin wadda ake ba ku a jarrabawar labarin ƙasa ta WAEC da NECO. Abu biyu za ku fara dubawa.

Na farko ma'auni. Idan an rubuta 1:50,000, santimita 1 a takarda mita 500 ce a ƙasa, santimita 2 kuwa kilomita 1. Da zare da rula za ka iya gano nisan tashar Unguwa Uku zuwa Gyaɗi-Gyaɗi ba tare da ka taka Titin Zariya ba.

Na biyu su ne layukan nan masu ruwan ƙasa da ke lanƙwasa. Kowane layi ya haɗa wuraren da tsayinsu daga doron teku yake daidai. Idan layukan sun matsu, hawan na da tsini. Idan sun yi nesa da juna, fili ne shimfiɗaɗɗe, kamar yawancin Tarauni. Idan suka yi zobe cikin zobe, tudu ne irin Dala. Inda suka ƙetare rafi sai su yi siffar V, tsinin yana nuna inda ruwan ya fito. Wanda ya iya karanta su tun da rani zai san inda ruwan Agusta zai kwanta.

Idan shimfiɗar ta karkace fa?

A ƙasar Sakkwato duwatsun a jere suke hawa-hawa, domin a ƙarƙashin ruwa suka kwanta, har da farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita. A irin wannan wuri na ƙasa ya girmi na sama, ƙa'idar da Nicolas Steno ya bayyana a 1669. Amma wani lokaci motsin ƙasa kan karkatar da shimfiɗar, sai faɗin da ka gani a fili ya ruɗe ka. A ce shimfiɗa ta bayyana da faɗin mita 10 a fili mai daidai, ta kuma nutse da karkatar digiri 30. Ainihin kaurinta shi ne 10 × sin 30°, wato mita 5 kacal. Ashe lissafin da muke gudu a aji biyar yana da ranarsa.

Gwada da kanka

Ba sai kana da kamfas da guduma ba. Auna mita 100 a filin makaranta, ka ƙirga takunka, ka samu tef ɗin da ba ya ɓata. Zana taswirar layinku, ka sa alamar arewa. Bayan an ɗauke ruwan sama, ka zana kibiya a duk inda ya bi. Tambayi dattawan unguwa inda tsofaffin kududdufai suke, ka sa su a taswirar, domin gidan da aka gina a kan kududdufin da aka cike da shara yakan tsage. Ka rubuta da fensir, ka sa kwanan wata, ka rubuta abin da idonka ya gani kawai. Kada ka kuskura ka shiga rijiya ko ramin ɗibar ƙasa: gefensa na iya ruftawa, iskar ciki kuma na iya kashewa. Daga sama ake awo.

Rijiyar maƙwabcinmu dai ta kawo ruwa a cikin wannan ƙasa fara-fara. Da na nuna wa Baba mai haƙa zanena, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce in yi masa kwafi ɗaya, akwai wata rijiyar da zai fara a bayan layinmu ranar Asabar.