Mikin Baki Da Ya Ƙi Warkewa: Don Me Likitan Haƙori Yake Ɗibar Ɗan Nama?

Yawancinmu ba mu tunawa da likitan haƙori sai ran da ciwon haƙori ya hana mu barci. Muna tsammani aikinsa cire haƙori ne da cike kogo kawai. Amma akwai wani aiki nasa wanda ya fi wannan nauyi. Shi ne mutumin da ya fi kowa leƙa cikin bakin jama'a, saboda haka sau da yawa shi ne yake fara ganin alamar ciwon daji a harshe, ko a dasashi, ko a cikin kumatu. A wannan wata muna so mu duba abin da yakan yi in ya ga irin wannan alama, da kuma dalilin da ya sa wani likita yakan yi gwajin da kansa, wani kuwa ya tura mu gaba.

Ido kaɗai bai isa ba

Miki iri iri ne yake fitowa a baki. Akwai na cizon harshe, da na ƙunar shayi, da wanda haƙori mai kaifi yake jawowa. Waɗannan sukan warke cikin mako 1 ko 2. Amma ciwon daji ma haka yake farawa, ɗan miki ko farin tabo ko jan tabo, sau da yawa kuma ba ya zafi da fari. Ko gwanin likita ba ya iya rantsewa da ido kaɗai cewa wannan daji ne, wancan ba daji ba ne. Hanyar tabbatarwa ita ce a ɗebi ɗan nama daga wurin a duba shi da madubin likita. Likitoci suna kiran wannan gwaji bayofsi.

Abin ba ƙarami ba ne. Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekara ta 2020 mutum wajen 377,000 suka kamu da dajin leɓe da na baki a duniya, wajen 177,000 kuma suka mutu. A Amurka an ga cewa in an gane ciwon tun bai bar wurin da ya fara ba, fiye da mutum 8 cikin 10 suna nan da rai bayan shekara 5. In kuwa ya riga ya bazu zuwa sassan jiki masu nisa, waɗanda suke kaiwa haka ba su kai rabi ba. Manyan abubuwan da suke jawo shi su ne taba da giya. Taba kuma ba sigari kaɗai ba, har da garin taba da ake matsewa a leɓe ko a kumatu, da irin wanda ake kira tumbak a ƙasar Sudan.

Yadda ake ɗibar naman

Likita yakan yi allurar kashe zafi a gefen mikin, ba a tsakiyarsa ba, domin kada ruwan allura ya ɓata naman da za a duba. In abin ƙarami ne, yakan cire shi duka. In babba ne, sai ya yanki ɗan kaɗan, kamar ƙwayar wake ko ƙasa da haka, daga wurin da ya fi nuna alamar cutar. Daga nan ya yi ɗinki 1 ko 2. Mutum yakan koma gida a ranar.

Nan da nan ake jefa naman cikin kwalba mai ruwan magani da ake kira fomalin, wanda yake hana shi ruɓa. Tilas ruwan ya fi naman yawa kamar sau 10. A rubuta sunan majiyyaci da wurin da aka ɗebo naman, a aika ɗakin gwaji. Can za a daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, a yanka shi siriri ƙwarai har haske yana ratsa shi, a rina shi, sa'an nan masanin cututtuka ya duba ya rubuta abin da ya gani. Amsa takan ɗauki mako 1 ko 2, wani lokaci fiye, in ɗakin gwajin yana nesa.

Irin wannan ɗan nama ya taɓa buɗe babban ilimi a Afirka. A 1958 wani likita mai suna Denis Burkitt, wanda yake aiki a asibitin Mulago a Kampala ta ƙasar Uganda, ya ba da labarin wani ƙari da yake kumbura muƙamuƙin yara. Daga baya ya riƙa aika naman ƙarin ta jirgin sama zuwa Landan, inda Anthony Epstein da abokan aikinsa suka gano wata sabuwar ƙwayar cuta a cikinsa a 1964. Ana samun wannan ƙari a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, har da Nijeriya. Yana girma da sauri, amma yana jin magani in an tare shi da wuri.

Don me wasu likitoci ba su yi da kansu?

An sha tambayar likitocin haƙori a ƙasashe dabam dabam a kan wannan aiki. Amsar da take yawan fitowa ita ce, sun san amfaninsa, amma da yawa ba su cika yinsa ba. Sun karanta shi a makaranta, wataƙila sun ga malami yana yi, amma hannunsu bai saba ba. Wasu suna tsoron zubar jini. Wasu suna tsoron su ɗebo daga wurin da ba shi ne ba, amsa ta dawo cewa lafiya ƙalau alhali ciwo yana nan. Naman da aka murƙushe da hantsaki, ko aka bari ya bushe, ba ya karantuwa. Maganin wannan tsoro shi ne koyo da hannu a gaban gwani, sau da yawa, da kuma komawa kwas bayan an fara aiki.

A Nijeriya makarantar likitocin haƙori ta fari an buɗe ta a Jami'ar Legas a 1966. Ibadan da Ife da Benin suka biyo baya cikin shekarun 1970. A Arewa kuwa sai bayan shekara ta 2000 aka sami irinsu a Maiduguri da Kano. Ɗalibi yakan yi shekara 6, sa'an nan ya yi shekara 1 yana aiki a ƙarƙashin manya. Mai son ya ƙware a tiyatar baki da muƙamuƙi, ko a ilimin cututtukan baki, sai ya ƙara waɗansu shekaru. Irin waɗannan ƙwararru yawancinsu a asibitocin koyarwa suke.

Sai mu lura, turawa gaba ba kullum take nuna rashin iyawa ba. In likita yana zaton daji ne sosai, ya fi kyau ya tura mutum wurin waɗanda za su yi gwajin su kuma ci gaba da magani. Haka kuma in kumburin cike yake da jini, ko yana can cikin ƙashi, ko majiyyaci yana shan maganin tsinka jini. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da ba shi da kyau shi ne likita ya yi ta ba da maganin kurkure baki wata da watanni, bai gwada ba, bai kuma tura ba.

Namu aikin a gida

Akwai maganar da ta yi ƙarfi a cikinmu, wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya haukace. Wannan magana ta sa mutane da yawa sun gudu daga gwaji. Abin da yakan faru shi ne, mutum ya zo a makare, a yi gwaji, ciwon ya ci gaba da abin da ya riga ya fara, sai a ɗora wa wuƙa laifi. Jinkiri shi ne abin tsoro.

Saboda haka mu riƙe waɗannan. Duk mikin baki da ya wuce mako 3 bai warke ba, a kai shi asibiti. Haka ƙa'idar da aka fitar a Ingila a 2015 ta ce. Haka kuma farin tabo ko ja wanda ba ya gogewa, da kumburin muƙamuƙi, da haƙorin da ya fara girgiɗa ba dalili, da kaluluwar wuya da ta ƙi sauka. Kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a ƙona da kanwa.

In likita ya ce za a ɗebi nama, mu tambaye shi wa zai yi, ina za a aika, yaushe za mu dawo. In ya ba mu takardar zuwa babban asibiti, kada mu ajiye ta sai bayan kaka. Sa'an nan lalle mu koma mu karɓi amsa, gama gwajin da ba a ji sakamakonsa ba bai amfani kowa ba. Iyaye su riƙa duba bakin yara, matasa kuma su raka tsofaffin da suke jin nauyin faɗar abin da yake damunsu.