Hoton Maryamu ta Guwadalupe da Tushensa a Al'adun Aztek

A arewacin birnin Meziko akwai wani tudu mai suna Tepeyak. Kafin Turawan Sifen su ci daular Aztek da yaƙi a shekarar 1521, mutanen ƙasar sukan kai hadaya can ga wata abar bautarsu da suke kira Tonantsin, watau "uwarmu".

Bisa ga ruwayar 'yan Katolika, a watan Disamba na 1531 Maryamu ta bayyana a tudun ga wani talaka, Huwan Diyego, ta yi masa magana da harshen Nahuwatil, kuma surarta ta fito a jikin mayafinsa. Sai a 1648 aka fara buga labarin.

Abin lura shi ne, tun wajen 1576 malamin mishan Sahagun ya koka cewa masu ziyara suna kiran Maryamu da sunan Tonantsin. A ganinsa, an sake wa tuwo suna ne kawai. Duk da haka hoton, mai launin fatar 'yan ƙasa, shi ne tutar da Hidalgo ya ɗaga a 1810 don neman 'yanci daga Sifen. Har yau miliyoyin mutane suna hallara can kowace ranar 12 ga Disamba.