Yadda Masu Gyaran Lantarki Ke Zana Allonsu a Abuja

Abuja: Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da aka saki darajar naira ga kasuwa, kayan gyaran lantarki da ake shigowa da su suka ƙara tsada. Wannan ya ƙara wa wata tsohuwar dabara daraja a wurin masu gyaran inbata da sitabilaiza a Abuja, watau yin allon lantarki da hannu maimakon jiran na waje.

Allon kansa faifai ne da ba ya ɗaukar wuta, wanda aka lulluɓe fuskarsa ɗaya da jan ƙarfe mai kaurin kimanin maikiron 35, bai kai kaurin gashin kai ba. Aikin shi ne a cinye jan ƙarfen da ba a bukata, a bar siraran layukan da wuta za ta bi. Wani injiniya ɗan ƙasar Ostiriya, Paul Eisler, shi ya ƙago dabarar a Ingila a 1936.

Mai gyara yakan zana layukan da alƙalami mai tawadar da ruwa ba ya wankewa, ko ya buga zanen a takarda mai santsi da firintar lesa, ya manna shi a kan allon da dutsen guga. Sa'an nan ya tsoma allon cikin ruwan sinadarin ferik kulorayid mai ɗumi, a cikin roba, domin sinadarin yana cin kwanon ƙarfe. Duk inda tawada ba ta rufe ba sai ya narke, galibi cikin ƙasa da rabin sa'a. A nan ne riba ko asara take. In aka cire da wuri, layuka su haɗe, wuta ta yi tartsatsi. In aka bari ya daɗe, sinadarin ya shiga ƙarƙashin tawada ya tsinke layin, allo da ladan yini su tafi tare.

Sai dai dabarar tana da iyaka. Allon wayar salula, irin wadda ake gyarawa a Banex Plaza da ke Wuse II, hawa-hawa ne da yawa, masana'anta kaɗai ke iya yin sa. Cike irin wannan giɓi na daga cikin manufofin hukumar NASENI, wadda aka kafa a 1992, mai hedkwata a Idu da cibiyar lantarki a Awka.

Akwai kuma wani kuɗi da ba ya shiga lissafin mai shago. Ruwan da ya gama aiki cike yake da narkakken jan ƙarfe, wanda guba ne ga kifi. In aka zuba shi a kwata, ruwan sama ya kwashe shi zuwa rafi. Zuba masa farar ƙasa ko sodar wanki yana sa jan ƙarfen ya kwanta ya zama laka, a tace, a adana a rufaffiyar jarka.