Koyon Shugabanci a Kan Ruwa: Tsarin Kadet na Sojin Ruwan Birtaniya

A cikin ƙungiyoyin matasan da ke aiki a Birtaniya, kaɗan ne suka kai ƙungiyar Sea Cadets daɗewa da yaɗuwa, wato ƙungiyar da ke tarbiyyar yara maza da mata bisa al'adu da tsarin rundunar sojin ruwan ƙasar. Kalmar kadet tana nufin matashin da ke samun horo irin na soja alhali bai zama soja ba, ba ya karɓar albashi, kuma babu wata yarjejeniya da ta wajabta masa shiga soja idan ya girma. Ƙungiyar tana da rassa kusan 400 a garuruwan bakin teku da na can cikin ƙasa, inda yara kimanin 14,000, galibi daga masu shekara 10 zuwa 18, suke haɗuwa a ƙarƙashin kulawar dubban manya 'yan sa-kai. Abin da ya sa ta cancanci nazari shi ne yadda ta ɗauki shugabanci tamkar sana'ar hannu, wadda ake koya ta hanyar ɗora wa yaro nauyin da zai iya ɗauka, a bar shi ya ga sakamakon aikinsa, sannan a ƙara masa wani.

Asali da yaɗuwa

Tushen ƙungiyar yana komawa ne ga ƙarshen Yaƙin Kirimiya a 1856, lokacin da ma'aikatan jiragen ruwan da suka dawo gida suka tarar da marayu da 'ya'yan matalauta suna gararamba a garuruwan tashoshin jiragen ruwa, suka fara tara su suna koya musu abin da su kansu suka iya, wato ɗaurin igiya da tuƙi da bin umarni. Garin Whitstable da ke kudu maso gabashin Ingila yana cikin wuraren da aka fara wannan aiki. A 1899 Sarauniya Biktoriya ta ba reshen garin Windsor kyautar fam goma domin a ɗinka wa yaran kayan sarki, kuma ranar 25 ga Yuni ta wannan shekara ce ƙungiyar take ɗauka a matsayin ranar haihuwarta. Hukumar sojin ruwa ta amince da ita a hukumance a 1919, sannan a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Sarki George na Shida ya zama babban hafsanta na girmamawa, wato Admiral. A wannan shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar 'yan mata ta daban, wadda ta yi ta tafiya ita kaɗai har 1980, lokacin da aka fara shigar da mata cikin babbar ƙungiyar. A 2004 aka haɗe uwar ƙungiyar da Marine Society, tsohuwar ƙungiyar agaji da Jonas Hanway ya kafa tun 1756 domin tufatar da yaran talakawa da shirya su ga aikin jirgi. Irin wannan tsari ya bazu zuwa Kanada da Ostareliya da wasu ƙasashe, Amurka kuma ta kafa nata a 1958.

Reshe a matsayin jirgi

Kowane reshe ana ɗaukarsa a matsayin jirgin ruwa ko da kuwa ginin bulo ne a tsakiyar unguwa, shi ya sa sunansa yake farawa da haruffan TS, waɗanda ke nufin jirgin horo. Zauren da ake taruwa ana kiransa da sunan bene na jirgi, ɗakin girki da makewayi ma ana kiransu da sunayen da ma'aikatan jirgi suke kiransu, kuma duk wanda ke cikin reshen, babba da yaro, ana lissafa shi cikin jama'ar jirgin. Yawancin rassa suna haɗuwa da yamma sau biyu a mako, kuma zaman yakan fara ne da ɗaga tuta, inda yara ke jeruwa sahu-sahu, wani ya busa usur ɗin ƙarfe irin na ma'aikatan jirgi, wani ya ja igiyar tuta, wani kuma ya ƙirga mutanen sahunsa ya kai rahoto ga hafsan da ke kula da zaman. Duk waɗannan ayyuka yara ne ke yin su, kuma a nan ne darasin farko yake, domin yaron da aka ce ya ƙirga sahunsa dole ya san wanda ya zo da wanda bai zo ba, ya kuma lura da wanda takalminsa bai sha gogewa ba tun kafin hafsa ya gani.

Wannan kwaikwayon rayuwar jirgi yana da dalili mai ƙarfi. A cikin jirgin da ke tsakiyar teku babu inda mutum zai je ya nemo wanda zai yi masa aikinsa, kuma sakacin mutum ɗaya, ko na ƙullin da bai ɗauru ba ko na gyangyaɗi a lokacin gadi, yana iya shafar kowa. Saboda haka al'adar sojin ruwa ta ginu a kan rarraba jama'a zuwa ƙananan rukunoni, kowane rukuni da wanda ke da alhakin sanin halin da kowane mutum nasa yake ciki, kuma wannan tsari ne ƙungiyar ta rage masa girma ta yadda zai dace da yara.

Tsanin muƙamai

Yaron da ya shigo yana farawa ne a matsayin sabon shiga, inda ake koya masa sanya kayan sarki da fareti da sunayen sassan jirgi da ƙulle-ƙullen igiya na farko, kuma ba a ba shi kowa ya jagoranta, domin ƙa'idar ita ce wanda bai iya bin umarni ba ba zai san nauyin umarnin da zai bai wa wani ba. Daga nan yana hawa mataki-mataki, kowane mataki da adadin lokacin da zai yi da jarrabawar da zai ci, har ya kai manyan muƙamai biyu na sama. Na farkonsu shi ne Leading Cadet, wanda a tsarin sojin ƙasa ya yi daidai da kofur, na biyun kuma Petty Officer Cadet, wanda ya yi daidai da saje. Kafin a ba matashi ɗaya daga cikin waɗannan muƙamai sai ya tsaya gaban kwamitin manya waɗanda za su gwada shi a kan jagorantar fareti, da koyar da darasi ga na ƙasa da shi, da kuma warware wata matsala tare da tawaga cikin ƙayyadadden lokaci.

Gwajin koyarwa shi ne mafi muhimmanci, domin a nan ne ake bambance mai ɗaga murya da mai jagoranci. Matashi ɗan shekara 16 da aka ba yara shida ya koya musu ƙullin da ake yi wa mutum zobe da shi domin a ciro shi daga ruwa zai gane nan take cewa iya abu daban ne da iya koyar da shi. Sai ya nuna ƙullin a hankali yana fuskantar inda suke fuskanta, don kada hannun dama ya zama musu hagu, sai ya bar kowa ya gwada, ya lura da wanda ya ɓoye igiyarsa a bayansa saboda kunya, ya koma wurinsa ba tare da ya kunyata shi a gaban 'yan uwansa ba. Hausawa sun ce babba juji ne, kuma matashin da ya yi wata shida yana amsa tambaya guda daga bakin yara daban-daban ya fara fahimtar ma'anar wannan karin magana tun kafin ya gama sakandare.

Darasin kwale-kwale

Inda tsarin ya fi bayyana shi ne a kan ruwa. A cikin kwale-kwalen horo mai matuƙa huɗu, matuƙan suna zaune ne sun juya baya ga inda aka nufa, mutum ɗaya ne kawai, wato jagoran da ke zaune a ƙarshen jirgin yana riƙe da sitiyari, yake ganin gaba. Shi ne zai faɗi lokacin da za a tsoma itacen tuƙi da lokacin da za a ɗaga, shi ne zai auna iska da igiyar ruwa, kuma idan za a tsaya a gaɓa shi ne zai san inda ya kamata a daina tuƙi domin jirgin ya sulala a hankali. Idan ya makara da umarni jirgin zai yi karo da gaɓa, idan ya yi gaggawa jirgin zai tsaya nesa da ita, kuma kowa zai gani, babu wanda za a ɗora wa laifin. Matuƙan su ma suna koyon nasu darasin, na amincewa da idon wani, kuma da yake ana karɓa-karɓa, wanda ya yi wa jagora dariya yau shi ne zai riƙe sitiyarin gobe.

Ƙungiyar tana da manyan jiragen horo da ke fita teku, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne TS Royalist, jirgi mai dogayen turaku biyu wanda ke tafiya da ƙarfin iska. An ƙera na farko a 1971, aka maye gurbinsa da sabo mai wannan suna a 2015, kuma yana ɗaukar kadet 24 a tafiyar da kan ɗauki kusan mako guda. Ana raba su zuwa rukunonin gadi da ke karɓar aiki dare da rana, suna hawa turakun da ɗamarar kariya domin kwance manyan zannuwan da ke kama iska ko naɗe su, suna riƙe sitiyari, suna wanke kwanuka da makewayi. Yawancinsu ba su san juna ba kafin ranar tashi, wasu kuma jirin teku yana kayar da su tun daren farko, don haka shugaban rukuni yakan sami kansa yana jagorantar mutanen da suka gaji, suka jiƙe, suke kuma kewar gida.

Ƙofofin da ke buɗewa

Tuƙin jirgin ruwa mai tafiya da iska wasa ne mai tsada wanda a al'ada 'ya'yan masu hali suka fi samun damarsa, amma ƙungiyar tana sauƙaƙa kuɗinsa tana kuma tallafa wa waɗanda iyayensu ba su da ƙarfi. Kadet yana iya samun takardun shaida na hukumar wasannin jiragen ruwa ta ƙasar, wato RYA, waɗanda ake amincewa da su a wajen ƙungiyar, haka nan yana iya ƙwarewa a gyaran injin jirgi, ko taimakon gaggawa, ko girki, ko sadarwa, ko karatun taswirar teku, ko kiɗan badujala. Da yawa suna shiga shirin lambar yabo ta Duke of Edinburgh da aka kafa a 1956, wadda makarantu da masu ɗaukar ma'aikata suke girmamawa. Akwai musayar ziyara da takwarorinsu na ƙasashen waje, akwai kuma babban faretin da ake yi a Dandalin Trafalgar na birnin Landan kowane watan Oktoba domin tunawa da yaƙin teku na 1805. Wasu suna shiga sojin ruwa, wasu jiragen kasuwanci, amma mafi yawa suna kama hanyoyin da ba su da alaƙa da teku, wasu kuma suna dawowa a matsayin malamai 'yan sa-kai bayan sun cika shekara 18.

Tsarin bai tsira daga suka ba. Akwai masu ganin cewa sanya wa yara kayan soja hanya ce ta kwaɗaita musu aikin soja tun hankalinsu bai gama nuna ba, musamman da yake Birtaniya tana ɗaukar 'yan shekara 16 aikin soja da yardar iyaye. Bugu da ƙari, kowane reshe ƙungiyar agaji ce mai zaman kanta wadda dole ta nemi kuɗin gini da gyaran jirage, saboda haka reshen da ke unguwar masu hali yakan fi na matalauta kayan aiki. Sannan duk inda aka ba manya iko a kan yara akwai haɗarin cin zarafi, abin da ya sa bincike a kan tarihin kowane ɗan sa-kai da horar da shi a kan kare yara suka zama sharaɗi.

Dangantaka da Najeriya

Wannan tunani na renon shugabanni ta hanyar wahalar ruwa ya iso Afirka ta Yamma ta wata hanya dabam. A 1941 wani malami mai suna Kurt Hahn da mai kamfanin jiragen ruwa Lawrence Holt suka buɗe makarantar Outward Bound a garin Aberdyfi na yankin Wales, bayan an lura cewa idan aka nutsar da jirgi a lokacin yaƙi, matasan ma'aikata sun fi dattawa saurin karaya a cikin kwale-kwalen ceto, duk da cewa sun fi su ƙarfin jiki. Bisa wannan tsari ne wani mai suna Alec Dickson ya jagoranci cibiyar horo da aka buɗe a farkon shekarun 1950 a gaɓar Man O' War Bay, kusa da garin Victoria wanda yanzu ake kira Limbe a Kamaru, kuma daga can ne ƙungiyar Man O' War da ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima a Najeriya suka sani ta samo sunanta. Cibiyar horar da 'yan ƙasa da shugabanni da ta gaji cibiyar Man O' War Bay tana da makarantar teku a Apapa ta Legas da makarantar dutse a tsaunukan Shere kusa da Jos.

Abin da ya haɗa waɗannan cibiyoyi shi ne yarda da cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma cewa matashi yana koyon ɗaukar nauyi ne idan nauyin na gaske ne, kuskurensa kuma ba mai halakarwa ba. Jirgi da teku kayan aiki ne kawai. Sharaɗin da ba a iya tsallakewa shi ne samun babban da zai zauna a cikin kwale-kwalen, ya ga yaron ya makara da umarni, ya tabbatar babu wanda zai ji ciwo, sannan ya kame bakinsa ya bar jirgin ya taɓa gaɓa.