3.4 Lalacewar Gurbin Ram a Tsohuwar Kwamfutar Tafi-da-gidanka

Ram wani ɗan siririn allo ne da kwamfuta ke ajiye aikin da take kan yi a cikinsa. Ana soka shi ne a karkace cikin gurbinsa, a danna, sai maƙallai biyu su riƙe shi. A nan za a duba yadda ake gane lalacewar wannan gurbi, domin sau da yawa akan ɗora wa ram laifin da ba nasa ba, mai kaya ya yi asarar kuɗin sabo a banza.

Alamun sanannu ne. Kwamfuta takan kama wuta, fanka na juyawa, amma fuskarta baƙi ƙirin. Wata takan yi ƙara ko ƙyafta fitila, wata kuwa ta tashi amma ta nuna rabin ram ɗinta kawai. Sai dai waɗannan alamu ba su bambance ram da gurbi. Don haka mai gyara kan cire batir, ya ɗauki ram guda mai lafiya ya gwada shi a kowane gurbi shi kaɗai. Idan ya yi aiki a ɗaya ya ƙi a ɗayan, to gurbin ne ya mutu. Dole kuma a tabbata iri ɗaya ne, domin DDR2 haƙora 200 gare shi, DDR3 kuwa 204.

Idan ƙura ce ko dauɗa, musamman bayan hunturu, gyaran ba wuya: a goge haƙoran da magogin fensir, a wanke gurbin da sifirit. Babbar matsalar ita ce tsagewar dalmar da ta liƙa ƙafafun gurbin a jikin babban allo. Zafi kan sa ta buɗe, sanyi ya sa ta tsuke, ga kuma lanƙwasar allo idan ana ɗaukar kwamfuta ta kusurwa ɗaya. ThinkPad T30 ta kamfanin IBM, wadda ta fito a 2002, ta yi ƙaurin suna da wannan cuta.

Wasu kan ninka takarda su cusa bisa ram don ya danne gurbin. A ganin mai wannan bincike, wannan gwaji ne kurum, domin dannin kan ƙara tsagar. Gyaran gaskiya shi ne a sake narka dalmar ƙafa bayan ƙafa, ko a musanya gurbin. In kuɗin ya yi yawa, sai a haƙura da shi, a sa ram mafi girma a gurbin da ya rage, gwargwadon abin da kwamfutar ke iya ɗauka.